Takaba a Kan Ramuka

Gidanmu na Illela a kan tsohon kududdufi yake. Ban tarar da kududdufin ba. Lokacin da aka kawo ni amarya daga Amarawa an daɗe da cike shi da ƙasa, an yi gini a kai. Ta fuskar titi sito ne babba, inda mijina Alhaji yake ajiye wake da gero da duk abin da ya saro daga tsallaken iyaka. Ɗakunanmu suna baya, gaba ɗaya a ƙarƙashin rufin kankare guda. Mahaifinsa ne ya gina gidan. Da yake ƙasar wurin ciko ce, ba a yi masa harsashi irin na maƙwabta ba. Ramuka aka haƙa kamar rijiyoyi har aka taɓa ƙasa mai tauri, aka zura rodi, aka cika su da kankare, gidan ya zauna a kan ginshiƙan da ido ba ya gani. Alhaji yana son ba baƙi wannan labari. Ni kuwa shekaru na yi ina shara a kansu ban taɓa tuna suna nan ba.

Da kasuwa ta yi masa kyau, sito ya yi kaɗan. Ya ce zai ɗora hawa biyu, na tsakiya na kaya, na sama namu. Ya ɗauko wani injiniya daga Sakkwato, dogon mutum mai ƙarancin magana. Injiniya ya sa aka tone gindin ginshiƙi ɗaya, ya ɗebi ƙasa a leda ya tafi da ita. Da ya dawo ya ce tsofaffin ginshiƙan lafiyarsu ƙalau, amma rufi ɗaya aka yi su su ɗauka. Buhunan hatsi sun fi mutane nauyi nesa ba kusa ba. In an ɗora bene a haka, gidan zai dinga nutsewa a hankali, kuma ba tare zai nutse ba, wani gefe zai riga wani.

Alhaji ne ya yi mini bayanin gyaran, muna zaune a tsakar gida bayan na dawo daga makarantar firamaren da nake koyarwa. Ya kife kofuna biyu a kan tabarma ya ɗora faranti a kansu. Ya ce za a haƙa sabon rami a gefen kowane tsohon ginshiƙi, a zuba sabo, sannan a huda kan tsohon a sa rodi a ɗaure su, a zuba musu kankare ɗaya mai faɗi a sama kamar hula, su ɗauki nauyin tare. Ba za a buɗe na kusa da juna lokaci guda ba. A buɗe wannan, a tsallake wancan, sai na farko ya bushe a dawo.

Na ce, “Mu kuma muna ina?”

Ya ce, “Kuna nan ciki. Gidan ba ya sanin ana taɓa shi.”

Aka kawo rodi da tsakuwa da yashi aka jibge, wasu a ƙofar gida, wasu a tsakar gida. Aka ɗauko masu haƙar rijiya daga Tozai, don su suka saba shiga rami mai zurfi mai ƙunci. Aka tokare rufin sito da manyan katakai aka fara daga can.

An kai kusan rabi ya rasu. Daga Ƙwanni, a tsallaken iyaka, ya dawo da la'asar, ya zauna a bencin ƙofar sito ya ce kansa na sara, ya nemi ruwa. Kafin a kawo ya kife. A hanyar Sakkwato ya cika. Da aka dawo da shi, masu ɗauke da makara sai da suka bi ta kan katakon da aka shimfiɗa a bakin rami, ɗaya bayan ɗaya, suna cewa a yi hankali. Wannan na gani da idona daga ƙofar ɗaki. Na tuna na yi tunanin katakon zai iya karyewa, na tsaya ina jira in ga ko zai karye. Bai karye ba. Suka wuce da shi.

Ban yi kuka ba. Mata suka cika gidan, suna shigowa suna riƙe hannuna suna cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Amarawa da ƙullin kayanta ta ce za ta zauna da ni har in fita takaba. Ita ta cire mini 'yan kunne, ta ninke atamfofina masu haske ta sa a akwati. In ta ajiye mini abinci in ci, in ba ta ajiye ba ban tambaya. Ina jin duk abin da ake faɗa, ina ba da amsa daidai, amma kamar ta bayan bango ake yi mini magana. 'Yata ta fari, wadda take ajin ƙarshe a sakandare, ita ta riƙe ƙannenta. Ina ganinsu suna wucewa.

Bayan an watse daga zaman makoki, ƙanin Alhaji ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Da can abokin wasana ne. Ba ya shigowa gidan bai ce tuwona ya yi gishiri ba, ni kuma in ce ya je ya yi aure ya huta. Ranar ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

Ya ce, “Yaya, Injiniya na zaure. Shina son a gaya mashi abin da za a yi da aikin ga.”

Na ce, “Mi za a yi?”

Ya ce shi a ganinsa a mayar da ƙasa a rufe ramukan, a bar gidan yadda yake. Wanda ya so benen ya tafi. Ba a raba gado ba, ba a san wanda zai riƙe siton ba. Amma Injiniya ya ce waɗanda aka riga aka buɗe ba za su rufu haka nan ba, dole a ƙarasa su kafin ruwa ya sauka. Sauran da ba a taɓa ba su ne ake tambaya a kai. Kayan aiki dai Alhaji ya riga ya saya, suna nan jibge.

Inna ta ce daga inda take zaune, “Wane irin abu ne wanga? Gidan mutuwa da bugun guduma? Mutane su ce mi?”

Su biyun suka zuba mini ido suna jirana. Na duba cikina in ga ko ina son benen, ban sami komai ba. Na duba ko ina ƙinsa, nan ma babu. Abin da na lura da shi kawai shi ne tun da aka daina aiki gidan ya yi tsit, kuma a cikin tsit ɗin nan kowa kallona yake yi yana jiran in fashe da kuka.

Na ce, “A ci gaba.”

Ƙanin Alhaji ya ce, “Duka?”

Na ce, “Duka.”

Daga baya mutane sun ce na cika wa mijina burinsa, har wata maƙwabciya ta ce Allah ya ba 'ya'yanta mata masu irin zuciyata. Na bar su a haka.

Aiki ya dawo. Da safe in ji ƙarar diga daga sito, da kurar da ake jawo bokitin ƙasa da ita daga rami, da muryar mai haƙa tana fitowa daga ƙasa kamar daga cikin tulu. In an zo huda tsohon kankare, injin yana sa kwanukan jerena su yi ta kaɗawa a kabad. Ranar zuba kankare kuwa injin kwaɓi ne tun safe, leburori na wucewa da kwanon sarki a ka. An ja buhu an raba tsakar gida biyu don kada su gan mu. Ni ina gefen nan a kan tabarma da carbi. Masu zuwa gaisuwa ba sa daɗewa, don ba a jin magana. Sai su ɗaga murya su yi addu'a, in shafa, su tashi.

A haka na koyi aikin ba tare da na nema ba. Na san in diga ta yi ƙara mai laushi, suna cikin ciko ne. In ta fara ƙara mai kaifi, sun kusa ƙasa mai tauri. Na san bayan an zuba kankare sai a rufe shi da buhu a yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma, kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Waɗannan abubuwa suna shiga kaina su zauna. Amma in na nemi fuskar Alhaji sai in ga hularsa da gemunsa, tsakiyar ba ta zuwa.

Ginshiƙi ɗaya a kusurwar ɗakina yake, daidai inda kan gadonmu yake. Da layi ya zo kansa, ƙanin Alhaji ya je ya tambayi malamin unguwa ko mai takaba za ta iya barin ɗakinta. Malam ya ce in dai cikin gidan ne babu laifi. Aka fitar da gado da kabad, na koma ɗakin yara. Suka fasa simintin da na yi shekaru ina gogewa, suka shiga ƙasa.

Wata Juma'a da suka tafi masallaci na shiga ɗakin. Babu labule, babu komai sai tulin ƙasa da igiya da takalmin roba na wani. Na tsuguna a bakin ramin na leƙa. Ga tsohon ginshiƙin a gefe, baƙi-baƙi, jikinsa kurzunu-kurzunu da shatin ƙasar da aka zuba shi a ciki. Ƙasar sama ja ce, ta ƙasa baƙa, akwai fasassun tukwane da wani tsohon takalmi a maƙale a jikin bangon ramin. Wari yana tasowa irin na laka mai daɗewa. Na daɗe a wurin. Ban yi tunanin kabari ba, ko da yake na san shi ya kamata in yi. Abin da na yi tunani shi ne ashe duk shekarun nan a kan wannan muke kwana. Inna ta leƙo ta gan ni, ta kama hannuna ta fitar da ni. Daga ranar ta sa aka riƙa kulle ɗakin in ma'aikata sun tashi.

Ruwan farko ya riga lokacinsa. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, ma'aikata ba sa zuwa don kowa yana da abin yi a kasuwa. Ƙanin Alhaji yana kara, kasuwar dabbobi. Da hantsi gabas ta haɗe, kafin azahar ruwa ya kece. Muna ɗakin yara muna kallo, sai 'yata ta ce, “Mama, ruwan ba ya fita.” Tulin yashin da aka jibge a tsakar gida ya zube ya toshe magudana. Ruwan ya taru ya kai idon sawu, ya sami hanya ta ƙarƙashin ƙofar ɗakina, yana gangarawa cikin ramin. An gama haƙa shi, an ɗaure rodi, washegari za a zuba kankare.

'Yata ta kira ƙanin babanta, wayarsa ba ta shiga. Ta kira Injiniya ta miƙo mini. Karo na farko ke nan da na yi magana da shi kai tsaye. Yana Sakkwato.

Ya ce, “Hajiya, kada a bar ruwa ya kwanta a ramin nan. In ƙasar gindin tsohon ginshiƙin ta jiƙa ta saki, kusurwar za ta zauna. Akwai injin jan ruwa a sito.”

Na ce makullin sito yana hannun ƙanin Alhaji a kara.

Ya ce, “To a fara tare ruwan daga waje. A kwashe na ciki da duk abin da aka samu. Kada kowa ya shiga ramin. Ga ni nan tafe.”

Na ɗauki shebur ɗin da suka jingine a bango na fita cikin ruwan da zanen takabata. Ban taɓa riƙe shebur ba. Na yi ta kwasar yashi daga bakin magudana ina watsawa gefe har na ji ruwan ya ja da ƙarfi ta tsakanin ƙafafuna ya fita titi. Inna ta fasa kwaɗon ɗakin da taɓarya. Ta cika buhuna biyu da yashi ta danne bakin ƙofa. Muka ɗauko gugan rijiya. Ni nake zurawa in jawo, in juye a bokiti, 'yata ta miƙa wa Inna, Inna ta watsar ta taga. Maƙwabciyarmu ta ji motsi ta shigo da nata gugan da 'ya'yanta mata biyu. Ba wanda yake magana sai “karɓi” da “kawo”. Guga yana maƙalewa a rodi, sai na girgiza igiya. Tafin hannuna ya saluɓe ban sani ba sai da na ga ja a jikin igiyar.

Muna cikin haka muka ji wata ƙara gajeriya, kamar an karya kara. Na ɗaga kai. Bango ya tsage daga saman ƙofa ya yi sama a karkace, siririyar tsaga, za ta ɗauki bakin wuƙa. Inna ta ce, “Innalillahi. Ku hito.” Maƙwabciya ta janye 'ya'yanta. Na dubi tsagar, na ga ba ta ƙaruwa, na mayar da guga. 'Yata ta tsaya a ƙofa tana kallona, sannan ta dawo ta ɗauki bokiti.

Kafin la'asar ruwan sama ya ɗauke, guga ya fara dawowa da laka. Ƙanin Alhaji ya shigo a jiƙe da leburori biyu da ya tsinto a kasuwa, aka tayar da inji ya zuƙe sauran. Ya ga hannuna ya kawar da kai. Injiniya ya iso gab da magariba. Ya sa aka ƙara katakan tokari a kusurwar, ya leƙa ramin da fitila, ya hau tsani ya shafa tsagar da yatsa. Ya kwaɓa siminti kaɗan ya manna a kanta wuri biyu, kamar faci. Ya ce in bangon yana ci gaba da motsi facin zai tsage, in bai tsage ba ya tsaya.

Ranar na ci tuwo malmala biyu, na nemi ƙari. Inna tana shafa mini man kaɗe a hannu tana kallon fuskata. Ta ce, “Yi kukanki, ɗiyata. Ba kowa nan.” Na gwada. Na matse ido, na tuna makara, na tuna bencin ƙofar sito. Babu abin da ya zo. Na ce mata barci nake ji.

Suka kwashe lakar, suka bar ramin ya sha iska, suka wanke rodi, aka zuba kankare. Kullum da safe 'yata takan je ta duba facin ta dawo ta ce yana nan. Bayan wani lokaci ta daina zuwa.

Ranar da aka gama na ƙarshe, Injiniya ya nemi ya yi mini sallama. Ya tsaya a bayan buhun da aka raba tsakar gida da shi, ina ganin takalmansa kawai ta ƙasa. Ya yi mini gaisuwar Alhaji, ya ce harsashin yanzu zai ɗauki hawa biyun da ma fiye, ko yau ko bayan shekaru, ba ya lalacewa don an bar shi. Sai ya ce akwai abin da yake ganin ya kamata in sani. Lokacin da suke zanen hawan sama, Alhaji ya sa ya sauya wurin ɗakina har sau biyu, don yana son tagar ta kalli hanyar Amarawa.

Na ce, “To. Na gode.”

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Sannan ya ce Allah ya jiƙansa, takalman suka juya. Hawan sama ɗin ba a gina shi ba har yau.

Na fita takaba cikin damina. Aka yi mini kitso, aka kawo turare, na koma makaranta. Aka sake dafe ɗakina da sabon siminti, launinsa ya fi na da haske, ana ganin iyakar inda aka fasa. Aka mayar da gadon kwana inda yake. An raba gado ba tare da rigima ba, gidan ya faɗo a rabon yara da ni, ƙanin Alhaji ya karɓi siton haya ya ci gaba da sana'ar. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi a bakin titi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Siton da ya yi wa Alhaji kaɗan ya koma rabinsa wofi. Ba wanda ya ƙara ta da maganar bene. Mutane suna wucewa suna ganin gidan yadda suka san shi, babu bene, fenti ya koɗe. Wani ɗan'uwan Alhaji da ya zo daga Araba ya tambaye ni wai ina aikin da aka ce an yi wata da watanni ana yi. Na nuna masa ƙasa.

Sai da 'yata ta yi aure ta haihu, hanya ta buɗe, kasuwa ta ɗan farfaɗo, sannan ƙanin Alhaji ya zo da maganar a ɗora hawa ɗaya. Zuwa lokacin ya yi aure, ya yi furfura a gemu, kuma bai ƙara cewa tuwona ya yi gishiri ba. Na ce a ɗora. Injiniyan nan dai aka kira. Aka yi ginin cikin rani, aka bar rodi tsaitsaye a saman rufi saboda wata rana.

Da aka zo zuba kaya, Injiniya ya ce kada a cika shi lokaci guda. A sa kashi ɗaya a jira, ya zo ya auna kusurwoyi, a ƙara. Haka aka yi har ya cika da wake. Bayan awon ƙarshe ƙanin Alhaji ya shigo tsakar gida da fara'a, rabon da in ga haƙoransa na manta.

Ya ce, “Yaya, bai motsa ba. Ko kaɗan.”

Na ce, “Madalla.”

Ina tsince shinkafa a faranti. Ya ɗan tsaya, ya ga ban ɗago ba, ya ce bari ya je ya sallami 'yan dako. Na tambaye shi ko zai ci abinci a nan, ya ce a'a, ana jiransa a gida. Na rage shinkafar na mayar da sauran cikin buhu.